Ranar da Ka Faɗo Daga Amalanke

Dogon Dutsi, Laraba da hantsi

Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da gajiyar shiri da ta sallama da mutane. Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya a kujerarka, mota na tafiya ba gargada, direba kuma ba mai garaje ba. Allah Ya sauke ku Yamai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta. Na ce wa ƙanwarka Rabi ta sa takardar cikin ƙaramar jakarka, ƙarƙashin kilishi, don na san ba za ku wuce Dosso ba hannunka bai je wurin ba.

Alhamdu lillahi. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, na sallami yara da yawa zuwa koleji da jami'a, kowanne sai na tsayar da shi bakin aji na yi masa nasiha har ƙafarsa ta gaji. Yau nawa ne zai tafi koyon fiɗa, fiɗar waɗanda hatsari ya ritsa da su a kan babur da cikin mota da gona, sai ga bakina ya yi nauyi. Jiya da kuke cin tuwo na so in yi magana, na ɓuge da tambayarka ko ka ɗauki bargo. Shi ya sa na koma ga abin da na iya, biro da takarda.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka baro mu lafiya. Magana ɗaya ce, kuma ta daɗe a cikina.

Mako uku da suka wuce na kai maka abincin rana asibiti. Na tarar da kai a baranda kana yi wa wasu mutanen ƙauye faɗa. Sun kawo wani manomi da babur ya kayar, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori kwana huɗu, ta kumbura ta yi baƙi. Ba ka gan ni ba. Na ji ka ce:

"Kwana huɗu kuna kallonsa! Ni ɗin nan da kuke gani, ina yaro na faɗo daga amalanke, saifata ta fashe. Uwata ko zama ba ta yi ba, ta ɗauke ni sai asibiti. Da irinku ce, da yau ba ni. Jahilci ne ke kashe mu a ƙasar nan."

Mazan suka sunkuyar da kai. Can nesa, jikin ginshiƙi, matar mutumin na tsaye ta ba ku gefe, tana kallon bango kamar ba da ita ake ba. Kai mace marar damuwa ka gani, na karanta a fuskarka. Ni kuwa na san tsayuwar nan, don na taɓa yin ta. Na miƙa wa wata ma'aikaciya kwanon na juya gida.

Likita, ba haka aka yi ba. Labarin da ka girma da shi, kakarka Inna ce ta tsara shi, Allah Ya jiƙanta, don ta rufa mini asiri. Ni kuma na yi shiru shekara ashirin ina shan yabon da ba nawa ba. Yanzu ga shi za ka zama wanda ake kawo wa mutane rai a hannun Allah, kana tafe da yaƙinin cewa jahilai kaɗai ke makara. Ba zan bari ka yi gini a kan wannan ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kana da shekara goma sha ɗaya. Ka san tun yaye Inna ta ɗauke ka zuwa ƙauyensu, gaba da Matankari, yadda ake yi da ɗan fari. Ni ina koyarwa a nan, babanka yana Gaya wurin aiki. Ranar Asabar ce, lokacin kaka, na je gaishe ta ɗauke da tulin kaye, littattafan rubutun 'yan ajina, don in gyara a can. Da hantsi aka shigo da kai a kafaɗa. Kun ɗoro dammunan hatsi a amalanke daga gona, kana zaune can bisa, jakin ya firgita, ka faɗo ta gefen hagu a kan kututturen kalgo. Wuyan hannunka ya karkace.

Ina zaune a rumfa da jan biro a hannu. Gabana ya yanke ya faɗi, amma ƙafata ba ta motsa ba. Gida cike da mata, ga surukata tsaye, ga ƙannen babanka. Uwa ba ta tashi a guje don ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa shi gaban surukai. In ta yi, a shekara ana ba da labarin rashin kunyarta. Ni kuma da ma 'yar boko ake ce mini, ana jira a ga inda zan kasa. Sai na ɗaga kai na ce, "Allah Ya sawwaƙe," kamar ɗan maƙwabta aka kawo, na mayar da ido kan kaye. Har yau ina tuna shafin. Lissafin rabawa ne, na wata yarinya, na sa mata maki ban ga abin da ta rubuta ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga cikinsa sauran suka fito. To ga abin da nake so ka riƙe. Idan aka kawo maka mai rauni, masu magana za su kewaye ka, yayye da baffanni da wanda ya tuƙo mota. Ka saurare su. Amma ka ɗaga ido ka nemi wadda ta fi kowa nisa, wadda ta kasa kallon marar lafiyan. Sau da yawa ita ce uwar, ko matar, kuma ita ta san lokacin da ya faɗi, da abin da ya ci, da inda ya fara riƙewa. Gaban surukanta ba za ta buɗe baki ba ko da za ka shekara kana faɗa. Ka sa a kira ta gefe, inda babu su, ka tambaye ta a hankali.

Aka kwantar da kai a tabarma ƙofar ɗakin Inna. Ka san yadda take da kai. Ta tsaya kanka ta riƙe ƙugu:

"Kai, mai gida, don dammi biyu za ka bar ni gwauruwa? Tashi, raggo, tun ban sake miji ba."

Ka yi dariya, ka dafe haƙarƙari. Baffanka ya durƙusa ya ce, "Yaya jikin?" Ka ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Namiji!" Duk wanda ya shigo, amsar ke nan, da sauƙi, da sauƙi. Ni kuma daga rumfa ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron nan yana da dauriya, ba zai kunyata ni ba. Da ma ni na koya wa yara haka. Duk wanda ya faɗi a filin lakwal, wato makarantarmu, nakan ce masa, tashi, babba ba ya kuka. Na yi ta faɗin haka shekaru, sai ga shi an dawo mini da darasina a bakinka, na kuma karɓa.

Mutanenmu, Likita, ko hanjinsu na waje za su ce maka da sauƙi. Ba ƙarya suke yi ba, ladabi ne da godiya ga Allah, kuma abu ne mai kyau a wurin gaisuwa. A wurinka kuwa ba amsa ba ce. Ka karɓi gaisuwar, ka ce Allah Ya ƙara sauƙi, sannan ka sa hannu.

Akwai wata maƙwabciyar Inna da ta leƙo ta ce doguwa, aljanar gonar, ce ta ture ka, a nemi abin turare. Na taɓe baki, na yi wani guntun Faransanci a ƙasan maƙogwaro, na ji ni sama da kowa a gidan. Ita dai ta faɗi abin da take ganin zai taimake ka. Ni da na san ya kamata a tafi asibiti, me na yi? Na tsara a raina ranar Litinin in tafi da kai gari a ɗauki hoton hannun. Hannun kaɗai nake kallo, don shi ne ya karkace kowa na gani. A aji na daɗe da sanin cewa yaron da ke ihu ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya yi tsit a kusurwa shi ake zuwa dubawa. Ranar na manta. Malamanka za su koya maka wannan da sunaye na ilimi, sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Ni dai na ga yadda ciwon da ke a fili yake ɗauke hankalin gida guda.

Wajen tsakar rana ka fara kiran ruwa. "Inna, ruwa." An ba ka, ka sake kira. Leɓunanka sun yi fari, gumi na tsattsafo maka ga shi kana inuwa. Na kasa zama. Abu ɗaya kunya ta bar mini in yi, na shiga madafa na dama fura da nono mai yawa, na sa sukari, na kawo na ajiye gaban Inna na ce, "Inna, ga fura, ko wani zai sha." Ta gane wanin. Ta tallafo kanka, ka shanye ƙwaryar tas. Na koma rumfa ina jin na yi aikin uwa. Alhali a littafin ajin da nake koyarwa akwai darasin taimakon gaggawa, da bakina na sha karanta wa yara cewa ba a ba wanda ya yi mummunar faɗuwa ci ko sha.

An aika tun da hantsin a kira maɗori, Baba Nomau, yana gona mai nisa, bai iso ba sai bayan azahar. Ba ka tuna shi sosai, na sani. Dogo ne, baƙi, hannuwansa kamar saiwar itace. Ban so zuwansa ba. Na sha gaya wa yara kada su yarda a kai su wurin maɗora. Amma can ƙasan raina na ji sanyi, tunda in ya zo shawara ta bar hannuna.

Ya ajiye karansa da tsummansa, ya tsuguna. Ya dubi hannun bai taɓa ba. Ya ja fatar idonka ƙasa ya duba. Ya ce, "Ban da hannu, ina ke ciwo?" Ka ce kafaɗa. Ya lalubi kafaɗar ko'ina, ya ce nan ba karaya. Sai ya ɗaga rigarka ya ɗora tafinsa a cikinka. Ka ƙwalla ƙarar da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Tun hantsi kana kwance, shi ne mutum na farko da ya ɗaga rigar nan.

Ya miƙe ya ce, "Ina uwar yaron ga?"

Inna ta ce, "Ga ni."

"Ba ke ba, Tambara. Wadda ta haihe shi."

Ya tako har rumfa ya tsaya kaina.

"Madam, ke ce kinka yi karatu, sai ki ji ni. Hannun ga nawa ne, ko jibi ina ɗora shi. Cikin ga ba nawa ba ne. Ya yi tauri kamar allo, jini na zuba ciki. Na ga irinshi sau biyu, kuma duka biyun ba su kwana ba. Aje alƙalamin ga ki tashi."

Na dubi Inna. Ko a lokacin, Allah Ya yafe mini, izini nake nema. Ta ce, "Kunya ta ƙare, ɗiyata. Ɗauki ɗanki."

Baba Nomau ya ɗaure hannun sako-sako, ya ce wannan na hanya ne kawai. Shi da kansa ya fita ya tare motar wani ɗan kasuwa da ya zo sayen wake, ya sa aka sauke rabin kayan. Muka hau baya ni da Inna, kanka a cinyata. Rabon da in riƙe ka haka tun kana shan nono. Hanyar kuwa ka san ta, rairayi ne zalla, sau ɗaya muka kafe sai da mutanen wata gona suka turo mu. Idonka ya fara lumshewa. Ka ce, "Madam, barci nake ji." Madam kake ce mini, kamar sauran yara. Na ce, "Isufu!" Ranar na fara kiran sunanka da ƙarfi gaban mutane. Na ce ba ka isa ka yi barci ba sai ka kawo mini tebur na bakwai. Ka yi ta ja a hankali har bakwai sau takwas, ka ce hamsin da huɗu. Na ce ba daidai ba ne, sake. Ina faɗa ina kuka, Inna na tofa maka addu'a tana cewa in ƙyale mata miji da lissafi.

Muka iso asibiti ana shirin kiran la'asar. Likitan da ya tare mu matashi ne siriri, bai fi shekarunka na yanzu ba, Hausarsa da ɗan karin Zabarmanci. Ya taɓa cikinka sau ɗaya ya ce a shirya ɗakin fiɗa. Ni kuma sai na gyara mayafi na soma Faransanci, na gaya masa ni malamar lakwal ce, don ya san ba da 'yar ƙauye yake magana ba. Ya tambaye ni da Faransanci yaushe ka faɗi. Na ce ɗazu. Ya ce ka ci wani abu ko ka sha? Na ce a'a.

Ka karanta da kyau, na ce a'a. Ɗana na kwance yana ƙarewa, ni ina tsaron mutuncin malama. Na ji kunyar a ce mai karatu ta ba mai rauni fura, ta kuma bar shi tun hantsi. Ban yi niyyar ƙarya ba, kafin in yi tunani bakina ya riga ya faɗa.

Allah Ya saka wa likitan nan da alheri. Bai tsaya a kaina ba. Ya juya wurin Inna, ya ɗan rusuna, ya sake tambaya da Hausa: "Iya, ya ci wani abu?"

Ta ce, "Ya sha hura ƙwarya guda, ita ta dama mishi da hannunta, mai kyau. Tun hantsi ya hwaɗo, ɗana."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko kallon zargi bai yi mini ba. Ya gaya wa mai sa barci cewa ciki a cike yake, ya juyo ya ce, "Madalla, Madam. Yanzu mun san abin da za mu yi." Daga baya mai sa barcin ya bayyana mini cewa da sun tafi a kan maganata, furar za ta iya tasowa ta shiga huhunka kana cikin barci, su rasa ka ba don saifar ba.

Ka ga abin da ya sa faɗanka na baranda ya hana ni sukuni. Wanda aka kunyata ba ya faɗin gaskiya. In ka soma da "me ya sa kuka makara", kwana huɗu zai koma biyu, jiƙon da aka ba shi zai ɓace daga labari, kai kuma ka shiga fiɗa da rabin sani. Ka tambaya yadda mutum zai iya amsawa bai ji an tsiraita shi ba. Ka tambayi mutum biyu. Kuma kada rigar mai amsawa ko Faransancinsa su sa ka fi gaskata shi a kan tsohuwar da ke bayansa. Faɗa yana da rana, bayan an fito lafiya, kuma ko a ranar a yi shi a zaune.

Aka ɗebi jinina, aka ɗebi na mai motar wake, wanda bai san mu ba bai san asalinmu ba, ya nannaɗe hannun riga kawai ya ce a ɗiba. Muka zauna a benci. Kafin magariba likitan ya fito, rigarsa jiƙe da gumi, ya zauna kusa da Inna kamar jikanta. Da Hausa ya yi bayani don ta ji. Ya ce sun cire saifar, jinin da ya taru a ciki sun kwashe sun tace sun mayar maka, kana numfashi da kanka. Inna ta ce, "Wato kun rage mini miji. To ragowar ma ina so, a ba ni abina." Ya yi dariya har da dafa goshi.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibitin. Wata rana da rana tsaka na same shi zaune shi kaɗai a benci, ya ɗaura zare a hannun bencin yana ƙulli da hannu ɗaya, ya kwance, ya sake, ya kwance. Na tambaye shi, ya ce hannu ne yake ba abinci. A nan ya gaya mini watanni kaɗan ke nan da dawowarsa daga horon fiɗa, kuma duk cire saifar da ya taɓa yi malaminsa na tsaye gefensa. Naka ne na farko da ya yi shi kaɗai, babu wanda zai kira, kuma ya san ba za ka kai Dosso da rai ba. Na ce me ya riƙe shi? Ya ce a wurin horo shi ne mai yawan tambaya har abokansa na yi masa dariya, kuma duk aikin da aka ce wa zai tsaya, shi ne ke tsayawa.

Ka ji wanda ya kamata ka yi koyi da shi. A nan ana ce maka Likita, ana tashi in ka shigo. Can za ka koma ƙarami, wanda ake aika ya riƙe ƙarfe awa uku bai ce uffan ba, wata ma'aikaciya da ta girme ka a ɗakin fiɗa ta gyara maka tsayuwa gaban mutane. Ka gode mata. Na san halinka, nawa ka ɗauko, ba ka son a ga ba ka sani ba. Wannan halin shi ya sa ni cewa a'a a ranar nan. In ba ka gane ba ka ce ban gane ba, ko sau nawa ne. Abin da ka wuce da shi a ɓoye a gaban malami zai jira ka a wani gari mai nisa, ranar da kai kaɗai ne, ɗan wata uwa yana kan tebur. Kuma ka ci abinci, ka yi sallarka a kan lokaci gwargwadon yadda aiki ya bari, hannun da ke fiɗa na jiki ne.

An canza wa likitan nan wurin aiki a shekarar da ta biyo baya, ban san inda yake ba yanzu. Mai yiwuwa yana cikin masu koyarwa a can. In ka haɗu da wani siriri mai karin Zabarmanci da ya taɓa aiki a Dogon Dutsi, ka buɗe masa tabonka ya ga ɗinkinsa, ka ce uwarka na gaishe shi, malamar da ta ce a'a. Zai tuna, ko ya nuna bai tuna ba.

Saura na ƙarshe, wanda ya fi daɗewa. Da 'yan dubiya suka fara zuwa, wata ta tambaya wa ya gane jini na zuba a ciki. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Madam ce. Tana ganinshi ta ce a tahi. Boko ya yi rana." Ta kalle ni, kallon da ke cewa rufe bakinki. Ta yi ne don kada dangin babanka su ce na yi sakaci da ɗansu, don kada shi kansa ya ji in ya dawo daga Gaya. Surukar da ta yi wa matar ɗanta haka, ban san da bakin da zan gode mata ba, sai addu'a, kuma ina yi kullum. Amma ita ta yi don kwanakin nan ne. Ni na riƙe shi shekara ashirin don ya yi mini daɗi.

Baba Nomau ya zo dubiya rana ta biyar, a ƙafa daga Matankari. Ya zauna a ƙasa bakin gadonka, ya ƙwanƙwasa farin simintin da aka sa wa hannunka da yatsa, ya ce, "Sun ƙwace mini aiki, amma sun iya." A gabansa aka sake yabon Madam. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙwarai, Allah Ya yi mata albarka." Har ya bar duniya bai taɓa gyara labarin ba. Ni kuma na gaishe shi da hanya, na ba shi ruwa, ban ce na gode ba. Na je ta'aziyyarsa da godiyar a bakina, babu mai karɓa.

Ba ina ce maka duk maɗori Baba Nomau ne ba. Na ga yaron ajina da ɗauri mai tsanani ya sa aka yanke masa hannu, kai ma ka ga fiye da haka. Amma ko ka so ko ka ƙi, su ake fara kira, su ke ganin mai rauni kafin kai. In ka zage su, za su riƙe mutane nesa da kai. In ka dawo, ka je ka gaishe su a zaurukansu, ka zauna a tabarmarsu, ka nuna musu abin da in sun gani za su ce wannan ba nawa ba ne. Ɗan Baba Nomau yana nan yana riƙe da sana'ar. Da shi za ka fara, kuma ka gaya masa abin da ubansa ya yi, ina jin shi ma bai sani ba.

To ka ji. Ban san yadda za ka dube ni ba bayan wannan. Na san kana alfahari da ni a labarin nan, na sha jin kana ba da shi, kuma duk lokacin sai in ji daɗi in ji ɗaci tare. In ranka ya ɓaci, yana da hakki. Daga hantsi zuwa bayan azahar kana zubar da jini taku goma daga inda nake zaune, ina gyaran lissafin 'ya'yan mutane. Ba a saba uwa ta roƙi ɗanta gafara ba, amma ni ina roƙo. Ka yafe mini.

Kuma kada ka daina ba da labarin. Ka ba da shi yadda yake. Wata rana kai ma za ka tsaya gaban matasan likitoci suna rubuta abin da kake faɗa. Ka gaya musu yaron da aka makara da shi ɗan malamar lakwal ne, mai koyar da taimakon gaggawa, mai son ɗanta kamar ranta. Ka ce uwarka ce, kada ka sakaya. Na ba ka izini. In ya sa ɗaya daga cikinsu ya sassauta murya ga wata mata a baranda, mutuncin da na rasa bai tafi a banza ba.

Na gode wa Allah da Ya bar mini kai, alhali ban yi abin da ya cancanci haka ba. Na gode Masa da Ya turo mini tsoho mai kara da tsumma, da surukar da ta zame mini uwa, da baƙon da ya ba da jininsa, da matashin da ya koyi aikinsa da kyau. Allah Ya sa kai ma ka zama amsar addu'ar wata.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya daidaita maka hannu, Ya sa waraka a cikinsa. Ya tsare ka daga girman kai da kasala da sharrin mai sharri, Ya kare ka a hanya da masauki da wurin aiki, Ya dawo mana da kai Arewa lafiya. Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
mahaifiyarka.